Yadda Na Miƙe Haruffan Ruwaida a Jidda

Tun ranar da na sauka ba ku bar ni na huta ba. Duk wanda ya leƙo shago, kafin ya ce sannu da zuwa sai ya ce ina dabinonsa, in ya cinye kuma ya gyara zama wai in ba shi labarin Jidda. To ga shi na rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta ya ƙyale ni in yi aikina. Wanda bai san ni ba, ni ne Sabo Mai Fenti na Fagge. Shekara talatin da huɗu ina rubuta allon shago da jikin mota da fostar biki, ba a taɓa ɗora rula a kan layina an ga rata ba. Ku riƙe wannan maganar, don ita ce ta kusa kai ni ta baro.

Umra na je, kuma yayata Balaraba ce ta biya mini. Tana Jidda tun ina koyon aiki. Can ta haifi 'yarta Ruwaida, can kuma mijinta Malam Habu tela ya rasu bara. Saura kwana uku in tashi sai Ruwaida ta turo saƙon murya, rabi Hausa rabi Larabci: "Kawu, taho da kayan aikinka, ina da shugul babba, za ka taya ni." Na ji daɗi ƙwarai, na ce ashe har can an san da ni. Na haɗa rular ƙarfe, da zaren layi da bula, da burushi uku, da reza, da 'yar kwalbar tina ta sirka fenti.

A filin jirgin Kano aka fara ɓata mini rai. Ma'aikacin ya zazzage jakar hannuna, ya ɗaga kwalbar ya shinshina, ya ce, "Alhaji, umra za ka ko kwangila?" Ya jefa tina a kwando, ya bi ta da reza. Da ya kai hannu kan rula na ce masa sai dai a fasa tafiyar, don maigidana ne ya ba ni ita ranar da ya yaye ni, bayan ya shekara bakwai yana ƙwala mini ita a bayan hannu duk lokacin da harafi ya karkace. Da ƙyar aka yarda na tura ta cikin babbar jaka.

A filin jirgin Jidda kuma yatsuna ne suka ƙi. Ana ɗora su a kan wani gilashi na'ura ta karanta, ni kuwa fenti da tina sun cinye zanen tun tuni. Na ɗora, ta yi ja. Jami'in ya ce, "Marra tanya." Na sake, ta sake yin ja. Ya miƙo mini wani mai in shafa, na shinshina na ji turare, na ce haba, ina cikin harami za ka sa ni shafa turare? Shi ba ya jin Hausa, ni Larabcina na allo ne, layi kuma ya taru a bayana, wata tsohuwa 'yar Sakkwato tana ta cewa, "Bawan Allah, in ba ka da yatsu ka matsa mana." Daga ƙarshe ya nuna mini in goga yatsun a goshina inda gumi yake. Sai ga kore.

Na yi umrata lafiya, alhamdu lillahi. Abin da na ji a raina a can ba na wannan takardar ba ne.

Bayan kwana uku maƙwabcin Yaya ya zo ya ɗauko ni, wani Isuhu ɗan Damagaram da yake tuƙa wani attajiri a unguwar bakin teku da ake kira Abhur. Yana ta ba ni labari, ni kuwa idona yana kan allunan hanya. Jama'a, tun daga Makka har Jidda ban ga allo ɗaya da hannu ya rubuta ba! Duk na inji ne, da fitila a ciki. Na tambayi Isuhu ina masu fentin garin, ya ce, "Wallahi Malam Sabo, in da nan kake, da tuni ka koma wankin mota." Na ce na gode, Allah ya saka.

Gidan Yaya a Hindawiyya yake, hawa na uku, kuma matakalar ta fi ta hasumiya tsayi. Unguwar tamkar Fagge ce aka ɗauko aka ajiye, sai dai ba a gaisuwa yadda ya kamata. Ka tsaya za ka tambayi mutum gajiya da iyali da aiki, kafin ka kai na biyu ya ce "halas, yalla" ya wuce. Da hantsi gari shiru kamar an yi gobara an watse. Karin kumallo kuma kullum abu ɗaya: wake da aka dama da man zaitun, suna ce masa ful, da wani faffaɗan burodi, tamis. Kwana huɗu na ce wa Yaya ko kokon jiya ne a taimaka mini. Tsirenmu ma na same shi a bakin titi, sun sa masa suna siriya, suna ci suna santi kamar su suka ƙirƙiro shi.

Ranar da na iso, bayan mun gama kukan gaisuwar mamaci, Yaya ta ja ni gefe ta faɗa mini abin da ke hana ta barci. Ita tana da iƙamarta, wato takardar zama, a ƙarƙashin mutanen da take yi wa girki. Ruwaida kuwa a ƙarƙashin mahaifinta take, kuma tun da ya rasu takardar take tangal-tangal, saura wata biyu ta mutu. In ba ta sami kafilin da zai ɗauke ta aiki ya mayar da ita ƙarƙashinsa ba, sai dai ta tattara ta taho Nijeriya. Yarinyar da aka haifa a Jidda, shekararta ashirin da huɗu, ba ta taɓa taka Kano ba, ko "ƙ" ba ta iya faɗa da kyau. Akwai wata mata mai kamfanin zane da ta shirya baje kolin fosta a tsohon gari, ta ce a cikin matasan da suka kawo aiki za ta ɗauki biyu. Ranar Alhamis da la'asar za a kai. Yaya ta ce, "Sabo, ita kaɗai gare ni. In aka raba mu ban san me zan zauna yi a nan ba."

Na bugi ƙirji na ce in dai fosta ce, ta kwantar da hankalinta, Allah ya kawo mai ita.

Washegari Ruwaida ta yaye ƙyallen da ta rufe aikin. Inna lillahi! Allo ne babba, ya kai ƙirjina, an watsa masa haruffa kamar kaji sun bi ta kan shanya. Na Larabci, na boko, na ajami, manya da ƙanana, wani a kife, wani a kwance, wani ya hau kan ɗan'uwansa, wasu sun taru a kusurwa ɗaya, gefe guda kuma fili fetal. Na nemi kalma ɗaya da zan karanta ban samu ba. Na ce, "To, madalla. Yaushe za a fara?"

Ta ce, "Kawu, an gama ai."

Ta zaunar da ni ta buɗe wayarta tana nuna mini hotuna. Wai wasu Turawa ne, shekara ɗari da wani abu da suka wuce, lokacin babban yaƙinsu, suka ce tunda masu hankali da tsari ne suka jefa duniya cikin wannan kashe-kashe, to su sun sallama hankali da tsari. Suka sa wa abin nasu suna Dada. Suna buga fosta da haruffa iri biyar a layi ɗaya, wasu a juye, wasu su yanka takarda su sake ta daga sama, inda ta faɗi nan za a manne. Wai baje kolin gaba ɗaya a kan wannan salon ne. Ita ma haka ta yi: ta hau kujera ta saki haruffan, inda kowanne ya sauka ta sa masa gam.

Na ce, "Waɗannan mutanen, an bincika lafiyarsu kuwa?"

Ta yi dariya ta ce, "Haram alaik, Kawu." Sannan ta gaya mini inda ta samo haruffan. Daga takardun babanta ta yanko su: tsofaffin iƙamominsa, da rasiɗan shagon ɗinki, da wasiƙun da ake aiko masa daga gida. Ba kwafi ba, su kansu. Abin da take so in yi mata shi ne in yanka kwalin da zai zagaye allon, in haɗa firam, don ta ji an ce hannuna ba ya kuskure. Aikin ke nan da aka sa na ɗauko kaya tun daga Fagge.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ban gane bayaninta ba. Na gane sarai. Amma ni na san yadda ake ɗaukar ma'aikaci. Duk wanda ya zo neman aiki shagona, ba na tambayarsa tarihin Turawa, rula nake ɗorawa a kan layinsa. Na ce a raina wannan matar mai kamfani ce, kuɗinta za ta biya, in ta ga wannan hargitsin za ta yi murmushi ta ce an gode, a jefo mini 'yar yayata cikin jirgi. Yarinya ce, an ruɗe ta da hotunan waya. In ban taimake ta ba, wa zai taimake ta?

Ranar Laraba da safe Yaya ta tafi aiki, Ruwaida ta tafi sayo gilashin firam a can Kurayyat, ta ce sai azahar. Na ɗora buta a wuta. Wanda ya shekara talatin yana ɓare fostocin 'yan siyasa daga allon mutane ya san yadda tururi ke sassauta gam. Na ari rezar ɗinkin marigayi, na bi su ɗaya bayan ɗaya, harafi ɗari biyu da goma sha ɗaya, ko ɗaya bai yage ba. Na buga zare, na fitar da layuka goma sha biyu. Na Larabci a sama daga dama, na ajami a tsakiya, na boko a ƙasa daga hagu, manya a gaba, ƙanana a baya. Da na gama na ja da baya na duba, wallahi har wani sanyi na ji a raina.

Ruwaida ta shigo riƙe da gilashi. Ta tsaya. Ba ta yi ihu ba, da ma ihun ta yi. Ta jingine gilashin a hankali, ta zauna a ƙasa, ta ce, "Kawu, esh sawwait? Me ka yi?"

Na fara bayani a kan rula da ɗaukar ma'aikaci. Ban kai ƙarshe ba Yaya ta dawo, ta dubi allon ta dube ni ta ce, "Sabo, wannan ai allon gwajin ido ne na asibiti."

Sai Ruwaida ta fashe da kuka, tana magana Hausar tana ƙwace mata. Ta ce, "Babana shekara arba'in yana bin layi. Layin jawazat na masu fasfo, layin kafili, layin tambari. Kowace takarda a miƙe, kowane sa hannu a kan layi. Ya mutu bai da ko taku ɗaya a garin nan. Ni na hau kujera na sake su don sau ɗaya su sauka inda suka ga dama. Mu ma ai haka aka sake mu, Kawu, ni nan na faɗo. Kai kuma ka zo ka mayar da shi layi."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, kuma duk da haka, Allah ya gani, wani ɓangare na zuciyata yana cewa amma dai layin ya miƙe. Ku ga irin taurin kan mai sana'a.

Na ce to ta sake hawa kujerar mana ta watsa su. Ta ce ba ya yiwuwa, hoton wancan ta riga ta tura, da shi aka karɓe ta, kuma sakin farko shi ne saki. Na ce, "Tsaya. Akwai hoto?" Ta ce akwai. Na ɗaga allon na kai bakin taga, na karkata shi ga rana. Ga sawun tsohon gam nan yana ƙyalli, kowane harafi ya bar gurbinsa.

Na ce wa Yaya ta sake ɗora buta.

Kun san yadda nake girmama hoton ɗan takara daga ɗan ƙaramin kati zuwa bango: a raba hoton gida-gida, a raba bangon gida-gida, a bi ɗaya bayan ɗaya. Haka na yi. Isuhu ya kai Ruwaida aka bugo hoton a takarda, na ja masa gidaje, na ɗaure zare a kan allon ba tare da bula ba don kada ya ɓata. Muka sake ɓare su duka, na goge layukan da na buga. Ita tana nemo harafi a hoto, ni ina auna karkatarsa in mayar.

Ban taɓa yin aikin da ya wahalar da ni kamar wannan ba. Hannuna ya ƙi. In ɗora harafi a karkace yadda yake a hoto, kafin gam ya kama sai in ga babban yatsana ya tura shi ya miƙe, ba da sanina ba. Ruwaida ta ce, "Kawu, ka sake!" Na ce ba ni ba ne, hannun ne. Sau uku ana haka, sai Yaya ta ɗauki rular ta zauna kusa da ni, ta ce duk harafin da ya miƙe za ta ƙwala mini. Ta kuwa ƙwala, har sau biyu. Ina da jikoki huɗu, an kai ni ƙasa mai tsarki ana dukana don na yi layi daidai.

Muka yi har magariba, muka ɗora da asuba. Wajen azahar ta Alhamis muka manna na ƙarshe, sai ga gurbi ɗaya ya rage a can ƙasa ta hagu, sawun gam ba harafi. A hoto wata 'yar ƙaramar ha ce ta ajami, daga wasiƙar da mahaifiyar Malam Habu ta sa aka rubuto masa. Muka ɗaga tabarma, muka zazzage shara, na cire hulata na duba, na juye aljihu. Babu. Na ce bari in zana wata, ba wanda zai gane. Ruwaida ta riƙe mini hannu ta ce, "La. Ka bar shi haka." Ba ta dube ni ba da ta faɗa.

Isuhu ya kai mu tsohon gari, wani gida mai tagogin katako. Nan na ga abin da ya fi namu. Wani ya buga fosta da harafi ɗaya tak, ya cika takardar har ya fita waje. Wata ta rubuta nata a da'ira, sai ka karkata wuya kamar mai ciwon haƙori. Na cusa hannuwana cikin aljihu na damƙe, don na san halinsu.

Matar mai kamfanin ta zo, dattijuwa ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Na zuba ido in ga ta fito da rula. Ba ta fito da komai ba. Ta daɗe a gaban allon Ruwaida, ta sunkuya, ta kai yatsa kusa da gurbin nan ba ta taɓa ba, ta yi tambaya da Larabci. Ruwaida ta ba ta amsa doguwa, har ta nuno ni. Matar ta juyo ta dube ni ta saman tabarau, ta gyaɗa kai, ta wuce allo na gaba. A mota na tambayi Ruwaida abin da ta ce wa matar. Ta ce, "Gaskiya na faɗa. Na ce kawuna ya gyara mini, sannan ya kwana biyu yana ɓatawa." Na ce da wannan bakin naki, ki fara haɗa akwati.

Jirgina ya tashi ranar Asabar ba a faɗi sakamako ba. Yaya ta rako ni har ƙasan matakala ta koma. Kwana tara na yi a Kano ba na iya cin abincin kirki. Ku da kuke zuwa karɓar dabino kuna cewa Saudiyya ta ramar da ni, to ga dalilin.

Rana ta goma Yaya ta kira tana kuka tana dariya. An ɗauki Ruwaida, an fara mayar da takardarta ƙarƙashin kamfanin. Na yi sujada a nan tsakar shago, goshina duk bula.

Da na tashi na ce bari in koma aiki, akwai allon wani mai shayi da ke jirana. Na zaro rula daga jaka, karon farko tun Jidda. Na ɗora ta a kan allon, na ji ba ta kwanta daidai ba. Na juya ta. Ga 'yar ha ɗin nan manne a bayanta, da busasshen gam, ta biyo ni tun daga Hindawiyya.

Na kira Ruwaida, na yi mata barka, na ce ga abin da na gani, kuma akwai mai tafiya umra jibi, zan sa a ambulan in ba shi. Sai ta ce, "Kawu, ka ajiye shi a wurinka. Iƙamar ta shekara ɗaya ce. In wata rana aka ce in tafi, na san ina da harafi ɗaya a Kano."

Yana nan a bayan rular, ban ɓare ba. Mai shayi ya zo karɓar allonsa ya ce layin ƙasa kamar ya ɗan karkace. Na ce ya karkace ɗin, in bai yi masa ba ya kai wani wuri.